Jar Wutar Akwatin Talho

Kotonu, 3 ga Maris 2003

Zuwa ga taubashiyata Rabi'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo Lalla, da Fatiha matar ƙanenki Sha'ibu, da ƴar ɗiyarta Biba. Yaya ƙafar Gwaggo? Ni lafiya lau nike, sai zafin bakin teku da aikin tashar jiragen ruwa da ba ya ƙarewa.

Ga kwali nan na ba Auwalu direban kamyon albasa ya kawo muku. Talho ne. Tun da tsawa ta ƙone na marigayi babanku damanar bara, abin shina damuna. Watanni goma sha huɗu ke nan da Sha'ibu ya tafi Libiya ba a ji shi ba, kuma lambar gidanku ce kaɗai ya sani da ka. In shina kira, wa za ya ɗauka?

Ki karanta da kyau, malamar lakwal mai koyar da yara, kada ki ba ni kunya. Abin biyu ne: akwati da kai. Akwatin shina da igiya biyu, baƙa ta shiga kuran, wato wutar lantarki, siririya ta shiga ramin tsohon talho na ɗakin Gwaggo. Ki ɗora kan bisa akwatin kwana ɗaya cur ya sha wuta. In ya yi ƙara, ki danna koren maɓalli na jikin kan, ki yi magana. Kan ba shi da igiya, kuna iya zuwa ko'ina da shi.

Abin da ya sa na zaɓi wanga shi ne repondar: in ya yi ƙara sau huɗu ba a ɗauka ba, akwatin shina aje muryar wanda ya kira, jar wuta ta riƙa ƙiftawa, lamba ta fito. Amma na hannu ne, kuma takardar bayaninshi da Jamusanci take. Ɗaya cikin maɓallan akwatin shina share murya, ban riƙe ko wane ne ba, mai shagon da ya saida mini shi kuma ya tafi Legas. Saboda haka kada ki taɓa su, kada kuma a zare igiya, sai na aiko da bayani.

Ki gaida Baba in ya shigo daga Deule.

Naki,
Yasin


Madawa, 16 ga Maris 2003

Yasin,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, Biba ta yi mura ta warke. Inna ta sa maka albarka har ta gaji.

Kwali ya iso ranar tara ga wata, na haɗa komi yadda ka ce, wuta ta kama. Amma kai da alƙalaminka kun ja mana magana. Kawu Kalla babanka ya shigo kasuwa, ya ce in karanta mishi takardarka. Da na zo inda ka ce ana iya zuwa ko'ina da kan, sai ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya miƙa hannu ya ɗauke shi bisa akwatin, ya saka aljihun riga, ya ce, "To, ku kuna da akwati, ni ina da kai. Ɗana ne ya aiko, in ji muryarshi ni ma a Deule." Na ce Kawu ina jin cikin gida ake nufi. Ya ce, "Ko'ina ya rubuta ko cikin gida?" Inna ba ta iya musu da yayanta, ni kuwa wace ce? Ya hau mota ya tafi da shi.

Tun daga ranan akwatin ya yi ƙara har sau ukku. Muna tsaye kanshi, ba abin da za mu ɗauka. Ƙara huɗu, sai ƙyas, sai shiru. Yanzu jar wuta tana ƙiftawa, lamba ukku tana jiki. Inna ta jawo tabarmarta kusa da shi. Direktan lakwal ɗinmu ya ce za ya ara mana talhonshi mai igiya, Inna ta ce ba mai zare komi tun da ka hana.

Kai ne ka kira? In kai ne, ka faɗa mini in huta.

Akwai wata magana da ban so rubutawa ba. An ce wani mutumin wajen Keita ya komo daga Libiya, shina ba da labarin motar da ta mutu cikin hamada da mutanen ƙasarmu. Malam Isiyaku baban Fatiha ya aiko cewa za ya nemi mutumin da kanshi. Fatiha ba ta cin abinci. Ka aiko da bayanin maɓallan nan da motar farko, don Allah.

Rabi'atu


Madawa, 30 ga Maris 2003

Yasin,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya, abin da zan iya cewa ke nan. Sati biyu ba amsa. Kullum in na taso lakwal sai na bi ta tashar albasa, har direbobi sun san fuskata.

Malam Isiyaku ya zo ranar Talata tare da mutumin. Mutumin bai ga gawa ba, ya faɗa da bakinshi. Waɗanda sunka binne mutane shida kusa da wata rijiya, tun kafin azumi, su sunka ba shi katunan da sunka samu a aljihunansu, sunka ce ya kai gida. Ya fiddo katin dantite, na shaidar ɗan ƙasa, ya aje gaban Inna. Na Sha'ibu ne. Hoton nan da ya ɗauka da rigar aro, ka san shi.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta juya ta kalli akwatin ta ce, "Wannan fa?" Malam Isiyaku ya ce ƙarfe ba ya shaida, kati kuwa ga shi a hannu. Kawu Kalla ya zo, ba tare da kan talhon ba, shi ma ya bi bayan Malam Isiyaku. Fatiha ta shiga takaba ranar Laraba. An tsaida sadaka Jumma'a goma sha ɗaya ga Afrilu, don dangin Keita da Buza su samu zuwa. Na roƙi Kawu ya maido kan, ya ce ba lokacin maganar kayan wasa ba ne.

Yanzu ga laifina. Ranar Jumma'ar da ta wuce akwatin ya sake ƙara bayan an sauko masallaci, lamba ta koma huɗu. Jiya Inna ta fita alwala, na kasa haƙuri, na danna maɓalli guda. Na ji wani ƙus-ƙus can ƙasa-ƙasa, ba a gane komi. Na tsorata, na danna wani don ya tsaya. Yasin, lambar ta koma ukku. Na share murya guda ban ji ta ba. Inna ba ta karatu, amma ta san siffar lamba. Ta tambaye ni, na ce mata kuran ne ya yi wasa. Ban taɓa yi mata ƙarya irin wagga ba.

In tashi ce na share fa?

Rabi'atu


Kotonu, 2 ga Afrilu 2003

Rabi'atu,

Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiya, sai gajiya. An tura ni Paraku da kaya kwana goma sha biyar, jiya na komo na iske takardarki ta goma sha shida ga Maris ƙarƙashin ƙofa. Na nemi telesantir, shagon buga talho na bakin tasharku, don a kira mini ke, lambar da nike da ita ba ta shiga.

Cikin gida nike nufi! Kan ba ya aiki in ya yi nisa da akwatin fiye da tsakar gida zuwa zaure. A Deule dutse ne kawai a aljihun Baba. Ki je ki amso shi, ki ce ni na ce. Yaya ke da kike koyar da ɗiyan mutane kika bari haka ta faru?

Sau biyu na kira kafin in tafi Paraku, duka na bar magana. Sau biyu, Rabi'atu. Ta ukkun ba ni ba ne.

Mai shago ya dawo, ga bayani. A gefen akwatin na dama akwai ƴar taya ta ƙarfin murya, ni na rage ta ranar gwaji na manta. Ki murza ta sama. Maɓalli mai hoton kibiya shi ke sa a ji. Mai alamar gicciye shi ke sharewa, ki lulluɓe shi da ɗan sikoci na manne takarda. Wata mata za ta fara magana da Jamusanci, ki ƙyale ta.

Abu guda: ki saurara ke kaɗai tukuna. Ki fidda Gwaggo da Fatiha daga ɗakin. Kada su ji sai kin ji.

Yasin


Madawa, Laraba 9 ga Afrilu 2003

Yasin,

Muna lafiya. Takardarka ta iso jiya da azahar. Na karanta ƙarshenta sau biyar. Mi ka sani da ba ka faɗa ba? Wa ya gaya maka abin da ke cikin akwatin har kake cewa in fidda su? Na zauna zaure na ce ashe Yasin ya ji mutuwar tun a Kotonu, ya aiko mana da ƙarfe ya yi mishi aikin faɗa. In haka ne ba ka kyauta ba. Kuma ban fidda kowa ba. Uwarshi ce da matarshi, ba ni da ikon in riga su.

Lambar ta koma huɗu tun Jumma'a. Na murza taya, na danna kibiya. Ta farko kai ne, kana tambayar ko kaya sun iso. Murya guda gare ka a ciki, ashe ɗayar taka ce na share, Allah na gode maka.

Ta biyu, iska da hayaniyar motoci, sai anka ce, "Inna? Inna, ni ne." Sai ta yanke. Muryar Sha'ibu ce.

Ta ukku ya daɗe. Ya ce shina Sabha, ya yi wata takwas a gidan kaso saboda ba shi da takardu, yanzu an sake shi. Ya tambayi ko Biba ta fara tafiya. Ya ce wace nasara ce ke amsa talhon gidanmu.

Sai ta huɗu. Muryarshi ta yi sanyi. Ya ce, "Ina jin kun saida gidan ko kun tashi. Jumma'a mai zuwa bayan masallaci zan gwada sau guda. Asabar za a kai mu gonar dabino nesa, ba talho can, sai bayan wata shida ko fiye. In ba ku ba ne, mai gidan ga, don Allah ka nemi Lalla matar marigayi Bashiru na gidan gona ka ce ɗanta shina da rai."

Jumma'ar ita ce jibi, ranar sadakarshi.

Malam Isiyaku ya riga ya iso don shiri. Na sa mishi ya ji. Ya ce akwatin na hannu ne, daga bakin teku ya zo, wa ya san tun yaushe muryar ke ciki. Na ce Malam, akwatin ya shiga gidan ga da sifiri a jikinshi ranar tara ga Maris, kati kuma an ce tun kafin azumi anka same shi. Ya ce shi ba ya fidda ɗiyarshi daga takaba don maganar akwati, a sake maida ita in abin ya zama ƙarya. Ban ga laifinshi ƙwarai ba, tsoro ne gare shi. Ya ce in dai mai rai ne, ya yi magana a amsa mishi.

Yau da asuba na hau kabu-kabu har Deule. Na iske Kawu ya fito gona. Maƙwabta sun ce kullum da hantsi sai ya hau tudun bayan gari da kan talhon, ya ɗaga shi sama, ya sauko shina faɗa cewa ka aiko mishi da mataccen abu. Ban yi gardama ba. Na durƙusa na ce Kawu, na ji muryar Sha'ibu da kunnena. Ya shiga ɗaki ya fiddo shi naɗe cikin rawani. Sai da na hau babur ya ce, "In bi ki?" Na ce ya zo gobe.

Na iso bayan la'asar. Kan ya mutu murus, na ɗora shi bisa akwatin. Ka ce kwana ɗaya cur. Jiya sau biyu anka ɗauke kuran.

Rabi'atu


Kotonu, Jumma'a 11 ga Afrilu 2003

Rabi'atu,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Allah ya jiƙan Sha'ibu, ya ba Gwaggo da Fatiha haƙuri.

Takardarki ta talatin ga Maris ta same ni jiya. Kati, takaba, sadaka yau. Ban iya zuwa aiki ba. Ina fitowa masallaci na shiga kabin na talhon haya na buga, ina cewa ko akwatin ne in bar ta'aziyyata a ciki. Sai na ji an ɗauka. Na ji muryarki, karo na farko cikin shekara biyu. Ban gama sallama ba kika ce, "Yasin, aje! Aje talhon nan yanzu!" Kika kashe.

Na tsaya cikin kabin har mai wurin ya ƙwanƙwasa mini gilashi.

Na san na yi miki magana mai zafi kan Baba, alhali ni na rubuta abin da ya rikita shi. Na san kuma na sa Gwaggo ta zauna gaban akwati tana sa rai. In don haka ne kika kore ni ranar sadakar ɗan uwana, na amsa laifina. Da shi munka yi kiwon awakin Deule, ni na raka shi tasha ranar da ya fara tafiya Abijan. Ba zan sake kira ba sai kin ce. Muryar da kika share, kada ki ɗora wa kanki, ni ya kamata in san maɓallin kafin in aiko.

Yasin


Madawa, Lahadi 13 ga Afrilu 2003

Taubashina Yasin,

Gaisuwa mai yawa, kuma ka yafe mini. Na san tsawar da na yi maka ta riga takardata ta ranar Laraba isa gare ka. In ka karanta waccan za ka gane rabin abin. Ga sauran. Muna lafiya, dukanmu, har da wanda anka tara mutane don shi.

Alhamis kuran ya tafi tun hantsi bai komo ba sai magariba. Jumma'a da safe na ɗaga kan, ya nuna ƴar sanda guda ta batir. Gida ya cika. Mata sun ɗora tukwane, an jiƙa gero, mutanen Keita da Buza suna zaure. Malam Isiyaku ya ce ba za a fara addu'a ba sai la'asar, iyakar abin da ya iya yi mana ke nan.

Da anka sauko masallaci munka shiga ɗakin Inna: ni, Inna, Fatiha da Biba a bayanta, Kawu da Malam Isiyaku bakin ƙofa. Talho ya yi ƙara, na danna kore, sai kai. Yasin, da sanda guda ta batir, kuma ban san ko a daidai lokacin shina bugawa ya ji layi a cike ba. Abin da ya fito bakina ke nan. Kuma na gane daga baya cewa da ka ce in fidda su, tsoron mugun labari kake yi musu, ba wani abu ka ɓoye ba. Wannan ma ka yafe.

Daga nan shiru. Ƙarfe biyu da rabi, ƙarfe ukku. Mutanen zaure sun aiko sau biyu. Inna ta amshi kan daga hannuna ta ba Fatiha, ta ce, "Riƙe, mijinki ne." Malam Isiyaku ya duba agogo ya ce, "Hajiya, mu yi haƙuri da abin da Allah ya yi." Ya juya za ya fita, sai talho ya yi ƙara.

Fatiha ta sandare. Ƙara ɗaya, biyu, tana kallonshi a tafin hannunta. Na ce danna kore! Ba ta motsa ba. A ta ukku Kawu Kalla, wanda ya yi wata guda shina juya abin nan a Deule har ya san kowane maɓalli, ya tsallako ya danna da babban yatsa ya kai mata ga kunne.

Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Biba tana tafiya. Har gudu take yi." Sai kuka ya ƙwace mata. Muna jin shi daga inda muke shina kiran sunanta. Inna ta amshi kan ta ce, "Ba mu tashi ba, muna nan inda ka bar mu." Malam Isiyaku ya ce a ba shi. Ya tambaye shi sunan limamin da ya ɗaura aurenshi da abin da anka ci ranan. Ban ji amsar ba, na dai ga ya zauna ƙasa ya cire hula, ya ce wa ɗiyarshi, "Tashi ki canza tufafin nan."

Ni na tambaye shi maganar kati. Ya ce motar ta mutu da gaske, sun kwana biyar. Akwai wani Mutari, mutumin Bangi, da sunka haɗu a Agadas. Zazzaɓi ya kama shi, Sha'ibu ya tuɓe kwat ɗinshi ya rufa mishi, katin shina aljihu. Shi da wasu sunka tafi neman ruwa da ƙafa, ƴan sintiri sunka kama su. Sai a kaso ya ji cewa waɗanda sunka bari ba su yi rai ba. Ya ce uwar Mutari sunanta Hindatu, tana saida ƙuli-ƙuli ranar kasuwar Bangi, kuma ba ya jin akwai wanda ya faɗa mata. Ya fasa zuwa gonar dabino, za ya nemi hanyar gida. Muna cikin haka batir ya ƙare.

Kawu ya fita zaure ya faɗa. Ba zan iya kwatanta maka hayaniyar ba. Abincin da anka dafa an ci shi, an yi addu'ar godiya. Amma Inna ta hana a taɓa buhun gero na biyu da ragon da Kawu ya kawo. Da mutane sunka watse ta ce mini, "Kwana goma sha bakwai na yi ina uwar mamaci. Ita kuwa can tana soya ƙuli-ƙuli tana jiran ɗanta."

Liman ya ce a aika namiji ya faɗa wa Hindatu. Inna ta ce a'a, ba za ta bari matar nan ta ji daga bakin wanda bai san abin ba. Na nemi izini a lakwal. Gobe da safe za mu shiga motar Bangi, ni da ita, da geron da ragon.

Ka kira ranar da takardar ga ta same ka, bayan la'asar, kafin nan mun komo. Inna tana son jin muryarka, Kawu kuma ya ƙi komawa Deule sai ya yi magana da kai.

Taki har kullum nike so in rubuta, na tuna kai namiji ne. Gajiya ce.

Taka,
Rabi'atu